Sai da na je Bournville na ga girman turmin Inna

Shekara tara muna zaune a Birmingham, kuma da wuya a yi mako biyu ban ga sunan Bournville a allon tashar jirgin ƙasa ba. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Sai ranar da muka sauka a tashar da kanta, wadda aka shafe ƙarafunanta da fentin shunayya irin na ledar cakulan ɗin Dairy Milk, Abban yara ya tsaya yana karanta allon a hankali, ya juyo ya ce da ni, "Ke, ashe garin su Bombita muka zo." Na yi dariya har 'yata ta ja min hijabi wai ana kallonmu. Gaskiyarsa kuwa. Bournvita ɗin nan da mai shayin bakin layinmu yake jerawa kusa da gwangwanin madara, wadda a gidanmu sai an yi babban baƙo ko wani ya kwanta asibiti ake sayenta, daga sunan wannan unguwa aka yanko sunanta. Ita kuma unguwar ta samo nata daga wani ɗan rafi da ake kira Bourn, aka liƙa masa kalmar Faransanci mai nufin gari, saboda a wancan zamanin cakulan ɗin Faransa ake yayi. Ashe son a ce kayanka na waje ne ba mu kaɗai ya dama ba.

Ni fa ba da son raina aka yi tafiyar ba. Hutun tsakiyar zango ne na watan Oktoba, sanyi ya fara shigowa, yara sun ishe mu a ɗaki, babbar mai shekara 11 da ƙanenta mai 7. Da suka kawo maganar Cadbury World, gidan kallo na kamfanin cakulan na Cadbury da ke Bournville, abin da na fara cewa shi ne, yanzu saboda Allah mutum ya ɗauki kuɗinsa ya biya don ya je kallon yadda ake yin alewa? Alewar da in na leƙa kanti zan saya musu da canjin da ke jakata? Abbansu ne ya ce in yi haƙuri, ai ba kullum ba ne. Na kira wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi da muke aiki tare, ta taho da ɗanta, muka ɗunguma.

Kafin in yi nisa, kokon da zan yi ta ambata ba na gero ba ne da ake sha da ƙosai. Autana ya sha wannan ruɗanin, har sai da ya tambaye ni ko da kamu ake haɗa cakulan.

An buɗe wurin tun 1990, a gefen masana'antar da har yanzu take aiki. Gida ne da aka tsara don baƙi, ana bi ɗaki-ɗaki kamar ana ba ka tatsuniya. Da farko daji ne na kwaikwayo mai duhu, ana nuna mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko, waɗanda suke dama koko da ruwa da barkono su sha da ɗacinsa, suke kuma saye da sayarwa da ƙwayarsa kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Mutanen Sifen suka kai shi Turai, can aka haɗa shi da sukari. Daga nan sai a fito da kai wani titi na zamanin da, kwaikwayon Bull Street, inda John Cadbury ya buɗe ɗan kantinsa a 1824 yana sayar da ganyen shayi da gahawa da kokon sha. Kokon nan da hannunsa yake daka shi, da turmi da taɓarya. Na ji wannan na wuce, ban san zai dawo min ba.

Inda tafiyar ta fara yi min daɗi shi ne da aka zo kan gona. Ana nuna hoton ɗan koko a majigi, ƙawata ta matso ta ce, "Ƙawata, bar su da hotonsu, zo in faɗa miki." Mahaifinta ya yi shekaru yana kula da gonar koko a ƙasar Asante bisa tsarin da suke kira abusa: kai ne da wahalar gona, in an sayar a kasa uku, ka ɗauki ɗaya mai gona ya ɗauki biyu. Ta ce ɗan koko ba a ƙarshen reshe kaɗai yake fitowa ba, a jikin kututturen ma yake tsirowa, ga shi nan kamar gwanda mai tsaga-tsaga. A fasa shi da adda, a ciki akwai ƙwaya talatin zuwa arba'in lulluɓe da wani farin abu mai zaƙi da ɗan tsami, wanda su yara suke tsotsa har a kore su. Sai a tara ƙwayar tsibi guda a kan ganyen ayaba, a rufe da wani ganyen, a bar ta kamar kwana shida ana juyawa. Ta ce in ka cusa hannu a tsakiyar tsibin sai ka ji zafi kamar an hura wuta a ciki, ga wani wari mai tsami da ke cika ƙauyen gaba ɗaya. Bayan nan a shanya a kan shimfiɗar gora mako guda ko fiye, ana bajewa ana tsince marasa kyau, har sai in ka damƙi ƙwayar ka ji tana ƙaras-ƙaras. Sannan a ɗura a buhu mai kilo 64. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake kwanakin rufewar nan, kokonsa ba zai taɓa yin ƙamshin cakulan ba, komai injin da aka sa shi.

Na dube ta na ce, "Wannan ai daddawa ce." Ta ce wallahi ita ce. A dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye ko buhu kwana biyu ko uku har ta ɗau zafi ta yi wari, sannan a kirɓa a shanya. Hikima ɗaya ce: ka bar abu ya ruɓa daidai gwargwado, ka san lokacin da za ka tsayar da shi. Ɗaya ana nuna shi a majigi da kiɗa mai taushi, ɗaya kuwa in an wuce gidan da ake yin ta sai a toshe hanci a yi tsaki. Ta ƙara min da cewa goro ma da koko dangin juna ne a wajen masana tsirrai, har sinadaran da ke wartsake mutum a cikinsu iri ɗaya ne. Wato fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da jikokinsu da suka tsaya a gonakin koko, gida ɗaya suka yi wa bauta.

Amma abin da ya tsayar da ni cak yana gaba. Aka yi bayanin cewa in buhunan sun iso masana'anta, soya ƙwayar ake yi, a ɓarza ta, iska ta kwashe ɓawon, a markaɗa ta har ta zama kamar kunu mai kauri, domin fiye da rabin ƙwayar koko mai ne. Wannan man shi ya daɗe yana ba Turawa ciwon kai: kokon sha yana yin maiƙo, sai an zuba masa garin dankali ko wani abin da zai shanye. Sai a 1828 iyalin Van Houten a Amsterdam suka fito da injin matsa, wanda yake raba man gefe guda, tunkuzar gefe guda. Tunkuzar a niƙe ta ta zama garin koko. Man kuma, a 1847 kamfanin Fry na Bristol ya gano cewa in aka mayar da shi cikin garin da sukari ana samun abin da zai daskare a ci da haƙori, aka yi sandar cakulan ta farko. A 1866 George Cadbury ya tafi ƙasar Holan ya sayo wannan injin, lokacin kamfanin da shi da wansa Richard suka karɓa daga mahaifinsu yana tangal-tangal, kuma shi ya tashe su.

Ku lura, ni na ce tunkuza. Ba su suka faɗa ba. Bakina ne ya riga ni, domin tun daga suyar har matsar, aikin da na tashi a cikinsa ake karanta min da Turanci.

Inna, mahaifiyata, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi shekara da shekaru a Ɗambatta. Jajibirin kasuwa ake suya. A zuba yashi a gindin kasko don kada gyaɗar ta ƙone, ana juyawa da mara har ƙamshi ya tashi. A baje ta huce, mu murtsuke ta da tafin hannu, Inna ta ɗau faifai ta bakace, jar fatar nan tana tashi tana manne mana a gira. Ni ce mai ɗauka a ka in kai inji, in bi layi, in dawo da ita da ɗuminta ta zama kamar kunu mai kauri. Sai a juye a turmi. A nan gwanintar take. Ba daka ake yi ba, tuƙi ne: taɓarya tana zagayawa, Inna tana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ba ta aunawa da komai sai ido. Ka yi ta juyi hannu ya mutu ba ka ga alamar komai ba, har ka fara cewa yau dai an yi asara. Can sai ka ga ta fara haɗe jikinta, ta yi duhu, mai ya soma tsattsafowa a gefen turmi kamar gumi a goshi. Inna ba ta son surutu a daidai wannan lokacin, wai mai gudu yake yi. A kwashe da ludayi, a ɗebo tunkuzar a matse da hannu har sai ta daina hawaye, a sa gishiri, a mulmula, wani zobe wani ɗan sanda, a soya shi a cikin mansa. Gyaɗa ma kusan rabinta mai ne, kamar koko. Ba ɓawo ba harawa, babu abin da ake zubarwa a gidan.

Ina tsaye a wurin nan cikin Turawa da 'ya'yansu na ce da 'yata, "Kin ga abin nan da ake nunawa? Aikin kakarki ke nan, da hannu." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, Inna ta iya yin mai? Me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?"

Ban da amsar da zan ba yarinya a cikin mutane. Amma na san amsar. Ranar da na shiga makarantar kwana aka tambaye ni sana'ar mahaifiyata, cewa na yi 'yar kasuwa ce. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Kuɗin ƙulin nan ne ya saya min akwati da katifa da sabulu, amma "'yar mai ƙuli" zagi ne a bakin 'yan mata, ni kuma na ɗauki wannan kunyar na tsallaka teku da ita ban sani ba. 'Ya'yana suna cin kwaɗon zogale da ƙulin da ake aiko mana, suna cin tsire da yajin da ƙuli ne ƙashin bayansa, ba su san daga ina yake ba. Yau ga shi sun san zafin da ake narka cakulan a kai.

Sun kuwa sani, don an nuna musu. Wani ma'aikaci cikin farar riga ya zuba narkakken cakulan a kan dutsen marmara, yana baje shi yana tattarawa da wasu faffaɗan ƙarafa. Man koko yana iya daskarewa ta siga daban-daban, ɗaya ce kawai take ba da sheƙi da ƙaran "ƙas" in an karya. Don a same ta sai an narka shi ya kai kamar digiri 45, a sanyaya shi zuwa wajen 27, a sake ɗumama shi kaɗan. In an yi daidai, zai narke a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a kan harshe. A nan na gane dalilin da ya sa mu koko ya zo mana a gwangwani, Bournvita da Milo, ba a sanda ba. Abin da yake narkewa a 34, ina zai kai labari a shagon Kano cikin watan Afrilu? Aka ba yara ledar matsawa suka rubuta sunayensu da cakulan, aka ba kowa ɗan kofi na narkakke da abin barbaɗawa. Na hana su wata farar alewa mai laushi kamar auduga, don irinta a ƙasar nan sau da yawa da jelatin na alade ake yi, suka zaɓi wani abin. Autana ya fito da baki dumu-dumu.

To ga abin da nake son faɗa, kuma na san wasu za su ce zaman Turai ne ya juya min kai. Ba cewa nake Turawa sun fi mu sanin darajar aikin hannu ba. Su nasu aikin hannun ya riga ya mutu, inji ya cinye shi, shi ya sa sai sun gina gida sun sa tikiti kafin ɗansu ya ga yadda ake yin abin da yake ci. Mu namu da ransa. Yana bayan katangarmu. A Kano kaɗai, marinar Ƙofar Mata tana nan, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, da baba da toka, ga mabuga suna buga shuni har ya yi walƙiya. Ga majema, ga dukawa, ga maƙera, ga masu shanya kilishi, ga masu alewa suna jan ta a jikin ƙusa har ta yi fari. A ƙasar Zazzau ga masu matse rake suna dafa mazarƙwaila. Kowanne a cikinsu zai riƙe hankalin yaro awa biyu ba tare da majigi ko kujera mai girgiza ba. Amma wa yake kai ɗansa? In makaranta mai tsada ta tashi fita da yara, gidan zu ne, ko filin jirgi, ko babban kanti mai na'urar sanyi a je a hau matakala mai tafiya. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Da can ba a bukatar a kai mu, domin a ciki muke. Aike kaɗai makaranta ne: je ki gidan mai daddawa, biya ta wajen maƙeri ki karɓo wuƙar Inna, tsaya a inji. Kana tafe kana gani. Yaran da ke tasowa yanzu a gidaje masu get a Kano da Kaduna da Abuja, daga mota sai aji sai islamiyya sai waya, ba su fi nawa na Birmingham sanin yadda ake fitar da mai daga gyaɗa ba. Na gwada da 'ya'yan ƙanwata ta waya, ɗaya ya ce min daga jarka yake fitowa. Bambancin kawai, nawa suna da uzurin nisa.

Ba zan yi wa aikin nan kwalliyar da ba shi da ita ba. Hayaƙin kasko ya ci idon Inna. Bayanta har yau ciwo yake. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ni da na yi tallan ƙuli a tasha na san abin da yarinya take gani a wurin da bai kamata ta gani ba. Inna da bakinta take cewa, "Ki yi karatu, Allah ya raba ki da turmin nan." Ta yi gaskiya, addu'arta kuma ta ci. Sai dai raba yaro da wahalar sana'a daban, raba shi da saninta daban. Mu mun haɗa su mun zubar tare. Haka su ma na Bournville ba sadaka suke yi ba: ka biya ka shiga, ƙofar fita kuma ta cikin kanti take, yaro ya fito ya zama mai sayen kayansu har tsufansa. Ban ga laifinsu ba. Ciniki ne, kuma sun gane cewa labarin abu ma haja ne.

Bayan mun fito muka zaga unguwar da ƙafa. A 1879 'yan'uwan biyu, George da Richard, suka kwashe masana'antar daga cunkoson tsakiyar gari suka kawo ta nan, kusa da layin dogo da hanyar ruwa. George ya sayi fili ya gina wa mutane gidaje masu lambu da itatuwan marmari, da filayen wasa, ya danƙa su ga wata amana a 1900. Su mabiya wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Kweka, masu ƙyamar giya, don haka ba a gina mashaya a unguwar ba. Abban yara ya ce da ya san haka da nan ya nemi haya. Kuma duk wannan a rubuce yake, har da abin da ba na alfahari ba. A farkon ƙarnin da ya wuce kamfanin yana sayen koko daga tsibirin Sao Tome, inda Turawan Fotugal suke aiki da mutanen da aka kwaso daga Angola da sunan kwantiragi, alhali bauta ce. Sun samu labari, sun tura a bincika, amma ba su daina saye ba sai 1909. Wata jaridar Landan ta zarge su da munafunci, suka kai ta ƙara, suka yi nasara, amma masu yanke hukunci suka ba su diyyar rubu'in kwabo, abin da bai kai anini uku ba. Wannan ai mari ne da sunan nasara. A daidai wannan lokacin suka juya zuwa Gana, inda wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya shigo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, wanda zuwa 1911 ya mai da ƙasar ta fi kowace fitar da koko a duniya. Takardun iyalin suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Birmingham, mai son tonawa ya je ya tona.

Ƙawata ta ce mahaifinta har ya bar gonar bai taɓa sayen sandar cakulan da kuɗinsa ba. Yau Gana da Kwaddibuwa su ke noma wajen rabin kokon duniya, kuma ko a 2024 da farashin tan ɗaya ya haura dala 12,000 a kasuwar duniya, manomin can farashin da gwamnati ta yanka masa yake karɓa. Amma ta ce ko ba komai su sun yi wani abu: suna da Golden Tree da ake yi a Tema mai jure zafin ƙasarsu, sun mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, gonar Tetteh Quarshie kuma tana nan ana kai 'yan makaranta. Yarbawa ma in suka nuna maka Cocoa House a Ibadan, bene mai hawa 26 da aka gama a 1965, za su ce maka kuɗin koko ne.

Sai na tuna tamu gyaɗar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma suka ga gyaɗa ta fi riba suka ba su mamaki. Aka wayi gari su Alhassan Ɗantata suna tara buhuna ana yin dala, kowace ɗaya buhu 15,000. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dalar ta ɓace. Yau in yaro ya ce a nuna masa, sai dai a buɗe masa tsohon hoto a waya. Shekara sittin gyaɗa tana ɗauke da Arewa, ba mu da ɗaki ɗaya da za a shiga da yaro a ce ga sikelin da ake awo, ga ƙugiyar 'yan dako, ga yadda ake ɗora buhu kan buhu har sama, ga turmi, zo ka juya ka ga mai ya fito. Na rantse da an yi, da layi za a bi.

Ba kuma gwamnati nake jira ba, kada a ce na zo da irin maganar 'yan ƙasar waje. Abin da ya fi damuna ƙarami ne, kuma a hannunmu yake. In mun je gida hutu mukan kai yara Ƙofar Mata, mu ɗau hoto, mu yi ta ciniki a kan ƙyalle ɗaya har mai rini ya gaji ya sallama, mu tafi. Ni da na biya Bature kuɗin mutum huɗu ban ce uffan ba don ya nuna wa 'ya'yana yadda ake juya cakulan a kan dutse, me zai hana in ba mai daddawar unguwarmu kuɗi mai kauri in ce, "Baba, ga jikokinki, a nuna musu tun daga kalwa"? Ba kyauta ba, ba sadaka ba, ladan koyarwa. Ranar da ta ga ana biyanta don abin da ke kanta, ba don abin da ke faifanta kaɗai ba, 'yarta ma za ta daina ɓoye sana'ar a makaranta.

Asabar ɗin da ta biyo baya na sayo ɗanyar gyaɗa kilo biyu a shagon 'yan Pakistan da ke Alum Rock. Muka gasa a tanda, yara suka murtsuke, na fita bayan gida da faranti ina bakace cikin sanyi, maƙwabciyata tana leƙe ta taga. Na markaɗa a injin miya har ya fara warin ƙonewa. Ba turmi, sai tukunya da muciya. Muka kira Inna ta bidiyo, ƙanena ya riƙe mata wayar. Na juya, 'yata ta karɓa, Abbansu ma ya taɓa ya ce kafaɗarsa. Minti arba'in ko ɗigo.

Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar, ta ce, "Ke, ruwan nan naki ya tafasa kuwa?" Na ce da ɗumi dai. Ta yi salati ta ce, "Shekara nawa kina gindin turmina? Mai da shi wuta. Kuma ku yi min shiru, kun cika shi da surutu."

Muka yi tsit, har autan. Na tsiyaya tafasasshe, 'yata tana juyawa da hannu biyu tana cije leɓe. Can sai ta ce a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji ya gudu, "Umma, ga shi nan." Bai kai rabin kofin shayi ba. Ta juye shi a wata 'yar kwalbar zuma, ta manna takarda ta rubuta sunanta da kwanan wata. Autan kuma ya ɗebi tunkuza yana mulmula harufan sunansa a kan faranti, Inna tana ce masa ya rage kauri, in ba haka ba cikin ba zai soyu ba.